Kalma Ɗaya Ta Raba Direba Da Aiki A Ikko

Daga Wakilinmu na Arewa

Yau ba maganar siyasa na zo muku da ita ba, ba kuwa ta tsadar gero da masara a kasuwar Dawanau ba. Wata 'yar ƙaramar magana ce ta Turanci, wadda in mutum ya ji ta da farko sai ya ce ai wannan aikin 'yan makaranta ne, alhali kuwa da idona na ga ta raba magidanci da abincinsa ƙiri-ƙiri.

A watan jiya aiki ya kawo ni Ikko, na sauka a Agege wurin wani ɗan garinmu wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Mutumin nan direban babbar mota ne, ya fi shekara 20 yana kai da kawowa tsakanin Kano da Ikko, har ya san kowane rami da ke tsakanin Jebba da Mokwa. Na tarar da shi ransa a ɓace. Da muka ci abinci muka yi sallar lisha, sai ya ce mini, "Ƙanena, kai da ka yi boko, don Allah warware mini wani abu. Na je neman aiki wani kamfani a Apapa, na nuna lasin, na nuna takardun shaida, amma yaron da na koya wa tuƙi aka ɗauka, ni kuwa aka ce in tafi sai an neme ni."

Na ce, "To, Yaya, me aka tambaye ka, kai kuma me ka ce?"

Ya ce Baturen da ke ɗaukar ma'aikata ya tambaye shi aikin da yake yi, shi kuwa ya bugi ƙirji ya ce, "I used to drive trailer." Nufinsa, na saba tuƙa tirela, sana'ata ce. Sai Bature ya ɗaga kai ya ce, "When did you stop?" watau yaushe ka daina? Shi kuma da ya tsinci kalmar tsayawa a ciki, sai ya zaci ana tambayarsa inda yakan ya da zango ne a hanya, ya ce, "I used to stop for Jebba." Bature ya yi murmushi, ya rubuta wani abu a takarda, ya sallame shi. Daga baya ne akawun wurin ya raɗa masa cewa an sa shi a layin waɗanda suka bar tuƙi, su kuwa wanda hannunsa ke kan sitiyari suke nema.

Na yi dariya, sa'an nan dariyar ta koma ciki, domin mutumin nan yana da mata da 'ya'ya shida a gida suna jiran saƙo. Bai yi ƙarya ba, Baturen ma bai zalunce shi ba. Abin da ya faɗa ne ya saɓa da abin da yake nufi. Don haka na ga ya kamata in yi wa jama'a bayanin abin a wannan fili, da Hausa, yadda kowa zai gane.

ABIN DA AKA YI AKA DAINA

A Turanci, in mutum ya ce "I used to" ya bi shi da kalmar aiki, to, abu biyu ya faɗa a lokaci guda. Ya ce a da yakan yi abin, ya kuma ce yanzu ya daina. Fassararsa ta gaskiya ita ce "da nakan yi", kuma wannan "da" ɗin ita ce ƙashin bayan maganar, ba ta rabuwa da ita.

Ga misalai daga tarihin ƙasar nan da kowa ya sani ko ya ji a bakin iyayensa. Kafin ran 2 ga Afrilu, 1972, motoci a Nijeriya hannun hagu suke bi, daga ranar aka koma hannun dama. Tsohon direba zai ce, "We used to drive on the left." Kafin watan Janairu na 1973, fam da sule da kwabo ake kashewa, sa'an nan naira ta zo. Sai a ce, "We used to spend pounds." Ikko ce babban birnin tarayya har zuwa 1991, lokacin da gwamnati ta ƙaura Abuja. Sai a ce, "Lagos used to be the capital." Ɗan acaɓar da dokar 2022 ta kora daga Ikeja ya koma wata sana'a, shi ne zai ce, "I used to ride okada in Ikeja." Ku duba da kyau, dukkansu abubuwa ne da suka wuce, an rufe babinsu.

To, ina laifin ya samo asali? Mu a Hausa muna da "kan", wadda malaman nahawu ke kira lokaci sabau. "Kan" ɗin nan ba ruwanta da jiya ko yau. Kana iya cewa "da nakan je Badun", kana kuma iya cewa "yanzu nakan je Badun", duk ta zauna daram. Yawancinmu kuwa a makaranta an ce mana "used to" shi ne "kan", aka tsaya nan, ba a gaya mana cewa ta Turanci ƙafa ɗaya gare ta ba, watau baya kaɗai take takawa. Sai muka ɗauka muna aza ta a kan abin da muke yi yau.

In kana son ka faɗi abin da kakan yi har yanzu, ba ka bukatar "used to" ko kaɗan. Faɗi kalmar aikin tsurarta. Da ɗan garinmu ya ce, "I drive a trailer," da magana ta ƙare. In yana son ƙarin bayani sai ya ce, "I usually stop at Jebba," watau galibi nakan tsaya a Jebba, ko kuwa, "I go to Kano every week," nakan je Kano kowane mako. Wannan ma ya fi sauƙi a baki.

Akwai kuma wata ƙa'ida ga masu rubuta jarrabawa. In za a yi tambaya ko a kore maganar, kalmar "did" takan shigo, harafin "d" na ƙarshe kuwa ya faɗi. Sai a rubuta, "Did you use to smoke?" da "I did not use to smoke." Kunne ba ya jin bambancin, amma mai duba takarda yana gani.

ABIN DA AKA SABA DA SHI

Na biyu shi ne "I am used to". Kalma ɗaya tak ta ƙaru, watau "am", ko "is", ko "are", amma ma'ana ta juya gaba ɗaya. Wannan shi ne "na saba" na ainihi, abin ya zame mini jiki, ba ya ba ni wahala. Wanda ya daɗe a Fatakwal zai ce, "I am used to the rain," na saba da ruwan sama. Maigadi zai ce, "I am used to working at night," na saba aikin dare.

A nan ne yara ke faɗuwa a jarrabawa, domin kalmar aikin da ke bin wannan dole ta ɗauki wutsiyar "-ing". Malamai kan ce a haddace kawai, haka Bature ya ce. Alhali kuwa da za a waiwayi Hausa, da an ga ba wani sabon abu ba ne. Ku gwada da bakinku. Bahaushe yakan ce "nakan tafi", amma "na saba tafiya". Yakan ce "nakan karanta", amma "na saba karatu". Ba wanda ke cewa "na saba tafi" sai baƙon da bai iya Hausa ba. Watau bayan "kan" kalmar aiki ce tsura take zuwa, bayan "saba" kuwa sai ta rikiɗe ta zama suna. To, Turanci ma haka yake ba ragi ba ƙari: "I used to drive," da nakan tuƙa, "I am used to driving," na saba tuƙi. Wutsiyar nan ta "-ing" ita ce ke mai da "tuƙa" ta zama "tuƙi". Wanda ya riƙe wannan ba zai sake ruɗewa ba.

Na uku shi ne "get used to", wanda ke nuna hanyar da ake bi kafin a saba. Kowa a cikinmu ya tuna ranar da ya fara sauka a Ikko, ga cunkoson motoci, ga zufa ko ana ruwa, ga miyar manja da barkono, ga mutane kowa na sauri ba mai amsa sallama. In baƙon yaro ya zo yana kukan gida, Bahaushe yakan ce masa, "Yi haƙuri, za ka saba." Da Turanci, "You will get used to it." Wanda yake cikin sabawa zai ce, "I am getting used to Lagos." Direbobin 1972 kuwa, bayan 'yan watanni, sun iya cewa, "We got used to driving on the right."

Saura abu biyu ƙanana. Turawa kan yi amfani da "would" in suna ba da labarin abin da aka riƙa yi a da, kamar a ce, "Every dry season my father would travel to Ibadan," kowane rani mahaifina yakan tafi Badun. Amma wannan sai ga aikin da ake maimaitawa, ba a sa shi ga halin da abu ya zauna a ciki. Ba a cewa Ikko "would be the capital" da nufin a da ita ce babban birni. In kana shakka, tsaya ga "used to", ta isar. Sa'an nan in mahauci a kwatar Oko-Oba ya ce, "This knife is used to cut meat," ba cewa ya yi wuƙa ta saba da nama ba. Ya ce ne da wuƙar nan ake yanka nama. Wannan wata kalma ce dabam mai nufin amfani da abu, har furucinsu ya bambanta, domin ta wuƙa da sautin "z" ake faɗinta, ta sabo kuwa da sautin "s".

AI BUROKA TA ISHE MU

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce ai mu kasuwa muka zo, a Mile 12 ko Anacha wa ya damu da nahawu? Buroka ta ishe mu saye da sayarwa. Waɗansu kuma za su ce ai Yarabawa da Ibo ma haka suke faɗi, kullum muna jin suna cewa "I use to go there every day" suna nufin har yanzu suna zuwa, ba wanda ya kama su.

Gaskiya ne, ban musa ba. A kasuwa da tasha kowa zai gane ka, kuma ban ga abin kunya a buroka ba, harshe ne da ya haɗa ƙabilun ƙasar nan fiye da yadda Turancin littafi ya yi. Har ma in ƙara muku, Turawan Ingila da kansu, shekara 400 da suka wuce, suna amfani da wannan kalma ga abin da ake yi yanzu, daga baya ne suka yar da ita. Saboda haka ba wauta ba ce ta sa mutanenmu faɗin haka.

Amma fa a lura, akwai wuraren da ba a sauraren nufinka, abin da ka faɗa shi ake rubutawa. A ce mai hawan jini ya je asibiti, likita ya tambaye shi game da ƙwayoyin da aka ba shi, ya ce, "I used to take it," yana nufin kullum yana sha. Likita na iya ɗauka ya daina sha ne, ya ɗora masa wani magani bisa wannan zato. A ce mai tari ya ce, "I used to smoke," yana nufin taba abincinsa ce, likita ya rubuta cewa ya bar shan taba. A ce an fasa kanti da dare, aka kai maigadi caji ofis, ya ce, "I used to sleep in the shop," yana nufin nan ne makwancinsa kullum. Ran da aka karanta takardar a gaban alƙali, lauya zai miƙe ya ce, to, tun da da bakinsa ya ce ya daina kwana a wurin, me ya kai shi a daren da aka yi sata? Ɗan gari in ya yi irin wannan tuntuɓe yana da ɗan'uwa a ofis da zai gyara masa. Baƙo kuwa, wanda gidansu ke nisan kilomita 1,000, wa zai tsaya masa?

A nan bari in tuna wa jama'a wani haƙƙi nasu. Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi damar a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Kada girman kai ya sa ka ce ka iya Turanci a gaban kotu alhali na kasuwa ka iya. Nemi tafinta, ka yi maganarka da Hausa. Kada kuma ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a fassara maka ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Wanda kuwa ya ce Turawa sun cika fitina, kalma ɗaya ta juya magana, to, ya dubi harshensa. Yaro ya saba da ubansa, yaro ya saɓa wa ubansa. Me ya raba ɗan albarka da ɗan banza a nan in ba 'yar lanƙwasa a kan harafi ba? In baƙo ya rikita su mukan yi masa dariya. Kowane harshe da irin nasa tarkon.

INA MAFITA?

Ba yau mutanenmu suka fara zama a Kudu ba. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, unguwar Sabo ta Badun kuwa an kafa ta a 1916. Kakanninmu sun yi fataucin shanu da goro shekara da shekaru ba tare da Turanci ba, domin amana ce jarinsu, kuma fatoma ne ke shiga tsakaninsu da 'yan gari. Amma aikin kamfani, da asibiti, da banki, da makarantar yara, ba fatoma a cikinsu, kai ne da bakinka da takarda. Kuma mu tuna an riga mu farawa. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Ikko a 1859, makarantar Ɗan Hausa a Kano kuwa sai a 1909. Ratar shekara 50 ke nan. Ba laifin ɗan ci-rani ba ne, amma shi ke biyan bashin. Har yau kuwa yaron da bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi ko da ya cinye sauran darussa.

Shawarata ita ce wannan. Sarakunan Hausawa na Agege, da Idi-Araba, da Sabo, da Shagamu, da sauran zangonninmu, tare da shugabannin direbobi, da na 'yan kara, da na 'yan gwari, su buɗe ajin dare, ko da sau biyu ne a mako bayan lisha. Ba a bukatar gini, rumfa da allo da fitila sun isa. Iyayenmu sun yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, Jihar Kano kuma ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, ba sabon abu ba ne a wurinmu. Cikin samarinmu da ke tura baro ko gadi a nan Kudu akwai masu takardar sakandare, har da masu takardar malanta, waɗanda aiki ya ƙi samuwa a gida. A tara musu ɗan abin sabulu su koyar.

Amma sharaɗi ɗaya ne, a koyar da Turancin ta hanyar Hausa. Malamin da zai tsaya gaban magidanci mai furfura yana zuba masa Turanci don ya koya masa Turanci, ɓata wa kansa da shi lokaci yake yi. A fara daga abin da mutum ya riga ya sani. Bahaushe ya san bambancin "da nakan yi", da "nakan yi", da "na saba yi", da "zan saba", tun yana goye. Abin da ya rage kawai a nuna masa rigar da kowannensu ke sawa a Turanci. A kuma fara da maganganun da ake bukata a gaban likita, da ɗan sanda, da mai ɗaukar aiki, kafin a je ga labarin littafi.

Ku kuma iyaye da 'ya'yanku ke makarantun Kudu, kada ku bari Hausarsu ta zube don wai Turancinsu ya yi kyau. Yaron da ya riƙe harshensa da kyau yana da ma'aunin da zai auna baƙon harshe da shi. Ga wata 'yar jarrabawa da za ku yi musu yau da dare. Ku ce su juya muku waɗannan zuwa Turanci: da nakan sha shayi, nakan sha shayi kullum, na saba shan shayi, zan saba da shayin Ikko. In suka ce, "I used to drink tea," da "I drink tea every day," da "I am used to drinking tea," da "I will get used to Lagos tea," to, kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. In kuwa duk huɗun suka fito da riga ɗaya, sai a je a gaisa da malaminsu.

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Mun saba da faɗin abin yadda muka ji a tasha, kuma barin sabo da wuya. Amma mutanen da suka bar garinsu suka saba da ruwan Ikko da cunkosonta, suka koyi Yarbanci a kasuwa ba malami ba allo, ba za a ce jimla huɗu sun gagare su ba. Gemu ba ya hana ilimi.

Kafin in bar Agege mun zauna da ɗan garinmu muka yi ta maimaitawa har kusan sha biyun dare. Da zan tafi tasha ya rako ni, ya ce ya ji labarin wani kamfani a Ikeja na neman direbobi, zai gwada sa'arsa ran Litinin. Na ce, "To, Yaya, in an tambaye ka me za ka ce?" Ya gyara hula ya ce, "I drive a trailer. I am used to driving at night." Na ce madalla, saura addu'a.

Allah ya ba shi sa'a, ya ba duk mai nema halaliyarsa, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.